Minti Ashirin Ba Motsi

A layin masu sayar da kayan gini, shago na uku daga kwana, akwai wani mai yankan gilashi da kowa ke kira Mai Gilashi, har matarsa idan tana son tsokanarsa. Dogo ne, ba ya da yawan magana, kuma yana tafiya kamar an ɗora masa tire cike da kofuna a ka. Maƙwabcinsa mai sayar da fenti yakan ce ranar da ka ga Mai Gilashi ya waiwayo da sauri, to ka duba shagonka, wuta ce ta kama. Aikinsa kuwa ba mai kushewa. Zai kwantar da gilashi a kan teburinsa mai rufe da tsohon bargo, ya ɗora rula, ya tsoma bakin abin yankan a kananzir, ya ja layi ɗaya tak daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ya ɗan danna, ka ji ƙas, gilashi ya rabu biyu ba ko tsaga.

Mutane sun ɗauka haka Allah ya yi shi, mai sanyin jiki. Ba haka ba ne.

Yana ɗan shekara bakwai wani abu ya same shi. Da ƙifta ido ya fara, sai ɗaga kafaɗa, daga baya wuyansa ya riƙa fizgewa zuwa dama, tare da wani ɗan sauti a maƙogwaro kamar mai shirin tari. Mahaifinsa direban babbar mota ne, bai cika zama a gida ba, idan ya dawo kuma ba ya son ganin abin da yake kira iskanci. Kowace fizga da ranƙwashinta. Yaron ya yi rantsuwa har ya gaji cewa ba da gangan yake yi ba, ba wanda ya saurare shi. A hankali sai ya lura abin ba ya zuwa babu sallama. Kafin wuyan ya fizge yakan ji wani abu kamar ƙaiƙayi can ciki, ƙarƙashin kunne, yana taruwa yadda atishawa ke taruwa a hanci. Da ya ji shi sai ya manna harshe a saman baki, ya danna babban yatsan ƙafa a ƙasa, ya saki numfashi a hankali ta hanci. Abin yakan lafa na ɗan lokaci. Idan ya samu inda ba kowa, sai ya sake shi, wuyan ya yi ta fizga har ya ƙoshi.

Yana da sha huɗu aka kai shi koyon aikin gilashi. A watansa na biyu yana ɗauke da wani babban madubi abin ya zo masa bai shirya ba. Madubin ya tarwatse, wani yanki ya tsaga masa hannu daga gwiwa zuwa kusa da wuyan hannu. Ya ce wa maigidansa santsi ne ya kwashe shi. Tun daga ranar ya zama mutumin da aka sani, wanda ba ya motsi sai ya auna. Da ya kai ashirin abin ya ragu sosai, amma bai tafi ba. Sau uku ko huɗu a yini yakan shiga ɗakin ajiya na bayan shago, inda gilasai ke jingine, ya tura ƙofa, ya fito bayan minti ɗaya. A gida kuma bayi ne mafakarsa. Matarsa, wadda ke aiki a wani gidan burodi, ta sha cewa da ana biyan haya a bayi da shi ya riƙe gidan. Shekara goma sha shida suna tare, 'ya'ya uku, ba ta taɓa ganin komai ba.

Ƙaramar cikinsu mace ce, Auta suke ce mata, shekararta tara, bakinta ba ya hutawa. Wata safiya ana shan shayi, tana ba da labarin wata ƙawarta, sai ya ga ta ƙifta ido da ƙarfi sau uku a jere. Ya ajiye kofinsa. Ba wanda ya lura sai shi. Ya ce a ransa ƙila wani abu ne ya shiga mata ido.

Bayan wata ɗaya wuya ya fara, zuwa dama. Bayan wata biyu sautin ya zo. Malamar ajinsu ta aiko da takarda cewa Auta na damun 'yan aji da kwaikwayon kukan dabba, kuma an yi mata magana ta ƙi ji. Yayyenta maza biyu suka sa mata suna Rimot, wai wani ne ke danna ta daga nesa, sai da uwar ta ci musu mutunci suka daina. Sannan ciwon kai ya shigo, kullum da yamma, har ta bar cin abinci sosai. A nan uwar ta ce ita kam asibiti za ta kai ta, ya rufe shago ya raka su.

Likitar yara mace ce mai farin gilashi, ba ta da gaggawa. Ta sa Auta ta yi tafiya a kan layi, ta taɓa hanci da yatsa, ta haska mata fitila a ido. Ta yi tambayoyi da yawa tana rubutawa. Sannan ta ɗago.

"Irin wannan motsi da sauti yakan bi jini," in ji ta. "Akwai wanda ya taɓa yi a danginku? Ko yana yaro ne ya daina?"

"A namu dai ban taɓa ji ba," in ji uwar. Ta juya ta dubi mijinta.

Ƙaiƙayin na nan ƙarƙashin kunnensa a daidai lokacin. Yatsansa na danne cikin takalmi.

"Babu," ya ce.

Likitar ta rubuta. "To. Da akwai, da hankalina ya fi kwanciya. Tunda babu, ga kuma ciwon kan nan, ina so a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta mu tabbatar ba wani abu ne ke danna wani wuri ba."

"Wani abu kamar me, likita?"

"Kada mu sa masa suna tun ba mu gani ba, Maman Auta."

Aka ba su rana, mako uku nan gaba.

Makonni ukun nan ba su yi wa gidan daɗi ba. Uwar ta shiga karance-karance a waya, kalmar da likita ta ƙi faɗa ta samo ta da kanta, ƙari a ƙwaƙwalwa. Ta kira yayarta, ta kira gwaggonta, tana tambaya ko an taɓa samun mai irin wannan a wajensu. Ta rame har zoben hannunta ya fara juyawa. Shi kuwa kullum da safe yakan ce yau zai faɗa mata, kullum ya fita bai faɗa ba. Da farko kunya ce. Daga baya kuma tsoron tambayar da ya san za ta biyo baya, me ya sa ka ce babu. Kuma can ƙasan zuciyarsa akwai wani tsoron: shi bai taɓa yin ciwon kai irin nata ba. Idan ya ce irin nasa ne aka fasa hoton, alhali wani abu ne daban fa?

Wata ranar Asabar Auta ta zo shago bayan makarantar Islamiyya. Yana auna gilashin taga, tana zaune a kan benci tana fizga tana wannan sautin, wani mai saye kuma ya tsaya yana kallonta. Bai san lokacin da ya daka mata tsawa ba.

"Ki daina mana."

Ta dube shi, ido ya cika da ƙwalla. "Baba, ba ni nake yi ba."

Muryar da ta fita daga bakinsa ta mahaifinsa ce, ya gane ta sarai. Ya koma kan aiki, ya ja layi, ya danna, gilashin ya tsage a karkace har ƙarshe. Mai fenti ya leƙo ya ce yau kuma wace rana.

Ranar hoton suka isa tun ƙarfe takwas na safe. Sashen yana ƙasan bene, dogon baranda mai sanyi, kujerun roba a jere, da ƙofa mai kauri an manna mata hoton makulli da almakashi an ja musu jan layi. Mai ɗaukar hoton wani gajere ne mai fara'a. Ya bayyana musu cewa na'urar babban maganaɗisu ce, ko allura ba ta shiga ɗakin. Aka cire wa Auta 'yan kunne, aka sa mata rigar asibiti da ta kai mata har idon sawu.

"'Yata, aikinki ɗaya ne," in ji shi. "Ki kwanta kamar kin ci bashin barci. Minti ashirin, ba motsi. Na'urar za ta yi ta ihu, kada ki kula ta, haka take yi wa kowa."

Ta wata taga iyayen suka ga an kwantar da ita a kan siririn gado, an toshe mata kunne, an rufa mata wani abu kamar kwando a kai, gadon ya zarce da ita cikin rami mai zagaye har ƙafafunta kaɗai ake gani. Ƙara ta fara, kamar ana buga guduma a kan ƙarfe da sauri. Ba a yi minti biyu ba ƙafafun suka zabura. Mai hoton ya tsayar, ya yi mata magana ta lasifika, ya sake farawa. Wannan karon ko minti ɗaya ba a kai ba. A kan allonsa hoton ya fito a dame, kamar an shafa hannu a kan ɗanyen fenti.

Ya fito da ita tana kuka, fizgar ta ninka, wuyan na tafiya ba tsayawa. Fara'arsa ta ragu.

"Akwai mutum huɗu a bayanku," ya ce wa iyayen a hankali. "Zan iya ba ta dama ɗaya. In bai yiwu ba sai an sa ta barci da allura, kuma na ga a takardarta tana da asma, sai likitan barci ya duba ta ya yarda tukuna. Layinsu ya kai mako shida."

"Mako shida," in ji uwar. Ta dafa bango.

Mai Gilashi ya matso kusa da mai hoton. "Ka ba ni minti biyar da ita," ya ce.

A ɗan ɗakin canza kaya ya durƙusa a gaban 'yarsa. Uwar na tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalman yarinyar. Ya san tana nan. Ya sa yatsa ƙarƙashin kunnen Auta na dama.

"Kafin ya zo, kina jin wani abu a nan? Kamar ƙaiƙayi, amma a ciki, inda hannu ba ya kaiwa?"

Kukan ya tsaya. "Ya aka yi ka sani?"

"Idan kika hana shi sai ya yi ta taruwa, kamar za ki fashe. Idan kika yi sai ki ji daɗi kaɗan, sannan ya dawo."

"Baba, wa ya faɗa maka?"

Ya ɗaga yatsan ƙafarsa daga ƙasa, ya saki harshensa. Wuyansa ya fizge zuwa dama, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kafaɗa ta bi, sautin ya fito daga maƙogwaronsa, irin nata sak sai dai kauri. Ya ji takalmi ɗaya ya faɗi daga hannun matarsa. Bai juya ba.

"Tun ina ƙasa da ke," ya ce. "Yanzu ki saurare ni, lokaci ya ƙure."

Ya nuna mata harshen, ya nuna mata numfashin. Da yake a kwance babu ƙasar da za ta danna, ya ce zai sa tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙafarta, idan ƙaiƙayin ya zo ta danna hannunsa da babban yatsa iya ƙarfinta. Suka gwada sau biyu a kan benci. Sannan ya je ya tambayi mai hoton ko dole ne minti ashirin ɗin su zama a haɗe. Mutumin ya ce a'a, kashi biyar ne, kowanne minti uku zuwa biyar, zai iya ba ta ɗan hutu a tsakani muddin ba ta ɗaga kai daga wurinsa ba.

"Zan shiga da ita," in ji Mai Gilashi.

"To zazzage aljihu. Akwai ƙarfe a jikinka? An taɓa yi maka aiki? Wannan tabon fa?"

"Gilashi ne. Zare kawai aka sa."

Ya ajiye makullai, tef ɗin awo, waya, bel, da abin yankansa da ya manta yana aljihun gaba. Aka ba shi abin toshe kunne. Ya tsaya a ƙarshen gadon riƙe da wando da hannu ɗaya, ɗayan a tafin ƙafar Auta. Ƙafar sanyi ƙalau.

Ƙarar ta fara. Daga ciki ta fi muni, har a haƙora yake jin ta. Ya ƙirga numfashinsa. A na goma sha biyu yatsan ya danno, da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba. Ya tura hannunsa ya tare. Yatsan ya yi ta rawa, sannan ya saki. Ya sake dannowa. Nasa ƙaiƙayin ma ya taso, don ganin na wani yana tayar da shi, ga shi ɗazu a ɗakin canza kaya ya riga ya buɗe masa ƙofa. Ya san idan ya fizga hannunsa zai girgiza ƙafarta. Ya manna harshe, ya kafa ido a kan wani ɗan tabo a jikin na'urar.

Ƙarar ta yanke. "Na ɗaya ya yi," in ji muryar mai hoton. "Huta, 'yata."

Daga cikin ramin ya ji sautinta sau biyar, shida, a jere. Shi ma ya saki nasa.

Na biyu ya wuce. A na uku, mafi tsawo, yatsan ya danna bai saki ba, ƙafar duka ta sandare, ya ji tana karkarwa har gwiwa. Gumi ya gangaro masa cikin ido bai da hannun sharewa. Sai ƙafar ta zabura. Ƙarar ta tsaya. Ta tagar ya hango mai hoton ya matso da fuska kusa da allo, matarsa na bayansa ta rufe baki da hannu.

"Saura daƙiƙa goma ne dama," in ji muryar. "Ya isa. Mu je na huɗu."

Da aka jawo gadon bayan na biyar, rigar Auta ta jiƙe sharkaf. Ta ce tana jin yunwa. A tafin hannunsa akwai shatin farcenta, har ya ɗan yi jini.

A motarsa, a hanyar komawa gida, matarsa ba ta ce masa uffan ba. Da yamma ta zuba wa yara abinci, ta zuba masa, ta koma kicin ta ci nata a tsaye. Sai washegari, bayan yara sun tafi makaranta, ta tsaya a gabansa yana ɗaura takalmi.

"Mako uku ina binne yarinyar nan a zuciyata kullum," ta ce. "Kana kallona."

"Na sani."

"Ba ciwon ne ya dame ni ba, Baban Auta. Da ka faɗa min tun kafin aure da dariya zan yi. Amma likita ta tambaye ka, ina zaune, ka ce babu."

Ya ce ba shi da abin cewa. Ta ce ita ma ba ta tambaye shi ya ce komai ba, ta ɗauki jakarta ta fita.

Bayan kwana biyu suka koma wajen likita. Kafin ta buɗe komai ya ce yana da gyara a kan amsar da ya ba ta, ya faɗa mata duka. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai rubuta. Sannan ta juyo musu da allon. Hoton kan Auta ne, fari da toka-toka, yanka-yanka kamar an yanka burodi.

"Babu ƙari, babu kumburi, babu komai," in ji ta. "Ƙwaƙwalwa ce lafiyayya."

Uwar ta kifa kai a kan tebur. Likitar ta bar ta sai da ta ɗago.

"To ina abin yake?" Mai Gilashi ya tambaya. "Ban ga komai ba."

"Ba za ka gani ba. Ba rauni ba ne da zai fito a irin wannan hoton." Ta nuna tsakiyar kan da biro. "Nan ciki akwai wuraren da ke ba motsi izinin fita. A wajen masu wannan abin, ƙofar takan saki wasu motsin da ba a kira ba." Ta matsar da biron zuwa goshi. "Nan kuma birki ne. Masu bincike da ke ɗaukar hoton yara irinta suna ganin alamun cewa wannan ɓangaren yakan ƙara aiki, ya saba, kamar hannun da ke ɗaukar kaya kullum. Suna ganin yana cikin dalilan da ya sa da yawa abin ke raguwa idan sun girma. Ba duka ba, kuma ba a gama sani ba. Kai ka koya wa naka birkin da kanka, ba wanda ya taimake ka."

Ya kalli goshin 'yarsa a allon.

"Amma ka ji ni da kyau," ta ci gaba. "Ciwon kan nan, ina kyautata zaton daga wuyan ne da kuma ƙoƙarin dannewa a aji tun safe har yamma. Dabararka ta yi amfani na minti ashirin. Akwai masu koyar da irinta a tsare, zan tura ku. Ba na so ta zama hanyar rayuwarta. Tana bukatar inda za ta yi abinta ba mai kallonta, ba mai cewa ta daina."

Ranar Litinin ya sa riga mai kyau ya tafi makarantar da takardar likita. Malamar ta karanta tana taɓe baki, ta ce ita shekararta goma sha takwas tana koyarwa, ta san yaro mai neman a kula shi. Ya ce ya fahimta. Ya zauna a kan ƙaramar kujerar ɗalibai, gwiwoyinsa kusan a ƙirji, ya bar wuyansa ya yi abin da yake so a gabanta, ya ce shekararsa arba'in da uku, kuma ba ya neman kowa ya kula shi. Malamar ta sake karanta takardar. Aka mayar da Auta kujerar kusa da ƙofa, aka ce ta riƙa fita idan ta matsu ba sai ta ɗaga hannu ba.

Ciwon kan ya tafi cikin wata guda. Fizgar ba ta tafi ba. Takan yi sauƙi wata biyu, ta dawo da sabon salo lokacin jarrabawa, wani lokaci hanci, wani lokaci kafaɗa. Yanzu Auta na da sha uku, bakinta har yau ba ya hutawa, kuma ita ce mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon 'yan matan makarantarsu.

Matarsa ta ɗauki kusan wata biyu tana yi masa magana iya ta larura. Abin da ya fi ba ta wuya, in ji ta daga baya, shi ne zama da mutumin da take ganin sabo ne a falonta, yana kallon labarai wuyansa na fizga. Wata rana suna karyawa, uba da 'ya suka yi sautin a lokaci ɗaya, kamar sun haɗa baki. Babban yayan ya ƙware da shayi. Uwar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a taimaka a riƙa yi bi da bi, gidan ƙarami ne. Sannan ta tura wa mijinta sauran burodin, ta ce ya yi sauri, yau ita zai fara saukewa a wurin aiki kafin ya kai yara.